Mun iya gina rijiya, wa ke gadinta? Tarihin dokar ruwa da kuɗinta a ƙasar Magariya da Dungas

 

A shirinmu na lafiya na makon jiya, wata baiwar Allah ta bugo waya daga wani ƙauye na bakin Korama. Ta ce rijiyar da suke sha tun tana amarya ta canza wari tun da aka fara feshin magani a garken da ke gefenta, yara uku a gidansu suna ta zawo. Sai ta yi tambaya ɗaya: "To mu wa za mu kai wa ƙara?" Muka yi ta kame-kame, muka ce likita, muka ce meri, lokaci ya ƙare, muka sa kiɗa. Gaskiya ba mu ba ta amsa ba. Shi ya sa muka koma muka bi tarihin abin, don mu gane wane ne doka ta ɗora wa gadin ruwanmu, kuma da wane kuɗi.

RUWANMU KUSA YAKE

Duk wanda ya san arewacin jihar Damagaram ya san Allah ya yi mana baiwa. A wurare da yawa can sai an yi gaba da gaba kafin a tadda ruwa. Mu nan cikin kwarin Korama, akwai fadamun da in ka yi gina kaɗan sai ka ga ƙasa ta jiƙe. Da wannan ruwa ake noman rake, da rogo, da kabeji, da tattasai, daga Bande zuwa Washa, daga Gushi zuwa Dogo-Dogo.

Amma kusancin nan shi ne kuma rauninmu. Ƙasarmu rairayi ce, tana shanye duk abin da aka zuba mata. Ruwan da ke kusa da guga yana kusa da masai, yana kusa da takin zamani, yana kusa da maganin ƙwari. Ga shi kuma mun yi yawa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan 578,000 a gundumar Magariya, da kusan 354,000 a gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magariya a 2011. Yau mun wuce haka nesa. Filin da dā yake tsakanin gida da rijiya, yanzu an gine shi.

DOKAR KAKANNI

Kafin zuwan Nasara, lokacin sarautun Sosebaki irin su Dungas da Washa, da zamanin da Damagaram ta yi ƙarfi ƙarƙashin Sarki Tanimun, babu takardar doka a kan ruwa, amma akwai ƙa'ida. Mai gari ne ke kiran gayyar yasar rijiya. Ana ɗaga bakin rijiya da itace don kada ruwan sama ya koma ciki da datti. Ana ware kwamin shayar da dabbobi. Malamai kuwa suna karantar da yara tun a makarantar allo cewa ruwan da najasa ta canza masa launi ko ɗanɗano ko wari bai halatta a yi tsarki da shi ba, kuma addini ya hana yin bawali cikin ruwan da ba ya gudu.

Kuɗin wannan tsari ƙarfin jama'a ne, hukuncinsa kuma kunya ce. Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Wannan ƙa'ida tana aiki ne a kan abin da ido ya gani ko hanci ya ji. Ba ta hana kurkunu kwantar da manoma tsakiyar damina ba, don ƙwayar da ke ɗauke da shi ba a ganinta cikin ruwan tabki.

ZAMANIN NASARA

Da Faransa ta kama ƙasa, ta zo da takardu. Dokar 14 ga Afrilu 1904 ta tsara kiwon lafiyar jama'a a yankin Afirka ta Yamma da ke hannunta, dokar 29 ga Satumba 1928 kuma ta sa koguna da tabkuna cikin dukiyar hukuma. Daga nan ne ruwa ya tashi daga hannun mai gari a takarda, ya koma hannun gwamnati. Aka samu ma'aikatan tsabta masu shiga gidaje suna leƙa randa da tulu, irin waɗanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira dubagari. In sun ga tsutsar sauro, tara ce.

Amma wannan tsabta ta birni ce, inda bature da sojansa ke kwana. Abin da Nasara ke so daga ƙasar Magariya gyaɗa ce da haraji. Kuma ruwa ya taɓa yi wa jiharmu babban hukunci: a 1926 aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kai Yamai, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar.

ZAMANIN GINA

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa OFEDES a 1963, ma'aikatar da ta cika ƙauyuka da rijiyoyin siminti. Har yau dattawa na cewa "rijiyar Ofedes". Bayan farin shekarun 1970, a zamanin Seyni Kountché, aka shiga shekaru goma na ruwan sha da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware daga 1981 zuwa 1990. Foraj da fanfon tuƙa-tuƙa suka yawaita. Ƙasar Danmak ta daɗe tana zuba kuɗi a aikin ruwa na jihohin Damagaram da Diffa.

A yaba wa wanda ya yi. Matan da ke tashi tun asuba su dawo da hantsi sun samu sauƙi. Sai dai lissafin wancan zamani na ƙirga ramuka ne: rijiya nawa aka gina, mutum nawa ke sha a kowace. Ranar buɗe fanfo ana kiɗa, ana yanka rago, baƙi su hau mota su tafi. Wanda zai dawo bayan shekara biyu da kwalba ya ɗebi ruwan ya kai a auna, shi ne ba a cika sa wa kuɗi a kasafi ba.

ABIN DA YA FARU A TSIBIRI

Wanda ke ganin awon ruwa almubazzaranci ne, ya tambayi mutanen Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi. A 1985 aka fara ba garin ruwa daga wani foraj mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba launi. Ashe yana ɗauke da sinadarin fuluwo fiye da ninki uku na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita guda. Kimanin shekara 15 yara na sha. Haƙora suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, wasu kawunansu suka yi girma. Dubban yara abin ya taɓa, ɗaruruwa suka nakasa. Iyaye sun yi ta neman magani wajen bokaye da malamai, ba wanda ya zargi fanfo, don fanfon gwamnati ne.

Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, ANDDH, tare da FIDH ta duniya, sun fitar da rahoto a kan yaran Tsibiri a 2002. Ku lura da abu guda: babu wanda ya zuba guba a wannan ruwa, daga cikin dutsen ƙasa sinadarin ya fito. Abin da ya rasa shi ne awo a kan lokaci, da wanda zai ce a rufe. Yaran nan yau sa'o'inmu ne, wasunsu da sanda suke tafiya.

TAKARDU SUN YI YAWA

In don doka ce, Nijar ba ta da talauci. A rana ɗaya, 2 ga Maris 1993, aka sa hannu a kan dokoki biyu: mai lamba 93-13 ta tsabtar jama'a, da mai lamba 93-014 ta tsarin ruwa. A 29 ga Disamba 1998 aka yi babbar dokar muhalli mai lamba 98-56, wadda ta kawo ƙa'idar cewa wanda ya gurɓata shi zai biya, ta kuma tanadi asusun muhalli na ƙasa. A 1 ga Afrilu 2010, lokacin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, aka fitar da kundin dokar ruwa mai lamba 2010-09. Shi ne ya ce mai ɗibar ruwa don sana'a ya biya, mai ɓata shi ya biya, kuma a shata iyakar kariya kewaye da wuraren da jama'a ke ɗibar ruwan sha. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ma ya rubuta ruwan sha cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa a aya ta 12. A 2014 aka ƙara da dokar hana leda, mai lamba 2014-63. Ku leƙa magudanar kasuwar garinku, ku ba kanku labarin inda wannan doka ta kwana.

Wannan magana ta "mai ɓatawa ya biya" ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Faransa ta yi dokar ruwa a 1964, ta kafa hukumomin kwari-kwari masu karɓar kuɗi daga masana'antu da birane, su mayar da shi wajen tace ƙazamin ruwa. Amurka ta yi tata a 1972. Can tsarin ya yi aiki saboda mai gurɓatawa babba ne, yana da adireshi, yana da bututun da za a je a auna.

Mu fa? A Magariya mun taɓa samun masana'antar man gyaɗa ta SEPANI, zamanin da gyaɗa ke da daraja, ta kuwa daɗe da mutuwa. Mai gurɓata ruwanmu yau shi ne ni da kai: masai da aka gina taku kaɗan daga rijiya, bayan gida a fili, jinin mahauta, baƙin man garaji, ledar fiya-wata, da galan ɗin piya-piya da mai garka ya wanke a bakin rijiya. Yawancin magungunan feshin nan ta iyaka suke shigowa, da yawansu ba su da amincewar kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwari. Wa za ka aika wa takardar tara? Doka an ɗinka ta ne da awon wani, shi ya sa ta yi mana burum.

INA KUƊIN YAKE?

Hausawa sun ce da ruwan ciki kan ja na rijiya. Bari mu bi kuɗin.

A birane, gyaran 2000 zuwa 2001 ya raba tsohon kamfanin SNE gida biyu: SPEN mai riƙe da kayan aiki, da SEEN mai sayar da ruwa, wanda kamfanin Faransa Veolia ke da kaso mafi yawa a ciki. Kwangilar ta ƙare a ƙarshen 2023, daga Janairun 2024 kamfanin ƙasa NDE ya karɓa. Mai fanfo a gida yana da takardar biya, yana da ofishin da zai je ya yi ƙorafi.

A karkara labari ya bambanta. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka fara cewa ruwan ƙauye na komin ne. A Janairun 2016 gwamnati ta miƙa wa komin-komin iko a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi, amma nauyin yana nan a wuyan meri. To meri da me za ta yi? Harajin kasuwa da kuɗin kai ne abin da take tarawa, albashi ya cinye rabi. Iko ya sauko, kuɗi bai biyo shi yadda ya kamata ba. A garuruwan da ke da shato, kuɗin da mata ke biya a kan kowane bido ana raba shi: na mai gudanarwa, na gyara da sabunta inji, da wani kaso na meri. Mutum nawa cikinmu suka taɓa tambayar nawa ne aka ware don awon ruwan da sayen sinadarin kulor?

Babban kuɗi kuwa daga waje yake zuwa. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 400, sama da miliyar 200 na sefa, don shirin PISEN na tsaron ruwa, kuma kwarin Korama na cikin yankunan da aka zaɓa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 bankin ya dakatar da fitar da kuɗi, sai a 2024 ya dawo. Ba muna zagin kowa ba ne, amma darasin a fili yake: lafiyar rijiyar da ta dogara da furoje, ranar da furoje ya tsaya ita ma ta tsaya.

DA AKA SA HANNU, AN CI NASARA

Kada mu ce ba abin da ke yiwuwa. Binciken ƙasa na 1991 ya samu mutum kusan 33,000 da kurkunu a Nijar, jiharmu na cikin waɗanda suka fi shan wahala. Me aka yi? Aka raba ƙyallen tace ruwa gida-gida, aka zuba magani a tabkuna, aka sa wakili a kowane ƙauye da littafinsa yana rubuta duk wanda ya kamu, aka hana mai ciwo shiga tabki. Gwamnati, da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, da UNICEF, da masu gari suka ja igiya ɗaya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu. Ɗan shekara ashirin a Dungas yau bai san zafinsa ba. Ba babban inji ne ya yi wannan aiki ba. Ƙyalle ne, da littafi, da mutumin da ake biya ɗan abin sabulu yana dawowa kowane wata.

Inda aka saki kuwa, mun gani. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 5,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 150, jihar Damagaram na cikin inda ta fi tsanani. Tun 2005 likitocin MSF suka zo Magariya saboda tamowa, kuma duk uwar da ta taɓa kwana a sashen yara ta san yadda zawo ke zuƙe yaro kafin zazzaɓi ya ƙarasa shi. Har yanzu kusan mutum biyu cikin uku a Nijar a fili suke bayan gida. Tun 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya gano cewa fanfo ɗaya ne ke raba wa unguwa kwalara, ya sa aka cire masa hannu. Abin da ya gano shekara 170 da suka wuce shi ne ke kwance bayan katangar gidajenmu.

RUWA BAI SAN IYAKA BA

Mu mutanen bakin iyaka ne. Wanda ya ci kasuwar Maigatari ko ya ratsa Tinkim ya san ƙasa ɗaya ce aka ja wa layi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya tsayawa a duwan, cuta ma haka. Ƙasashen biyu sun san da wannan. Sun kafa hukumar haɗin gwiwa tun 1971, kuma a 18 ga Yuli 1990 suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba da kiyaye ruwan da suka haɗa, har da kwarin Tagwai da El Fadama na wannan yanki namu. Takarda tana nan. Abin da ya rage, ma'aikacin lafiya na wannan gefe ya iya kiran na wancan gefe tun ranar da aka ga mutum na farko yana amai da gudawa.

TO, WA ZA A KAI WA ƘARA?

Mu koma ga baiwar Allah da ta kira mu. Hajiya, ga abin da muka samo. A doka, meri ce ta farko, don ruwan ƙauye da tsabtarsa suna hannunta. Akwai ma'aikatar ruwa ta gunduma, ita ce ke da masana rijiya. Akwai jami'in tsabta a gundumar lafiya, akwai ma'aikatan muhalli, akwai na aikin gona masu kula da maganin feshi. Ku je da mai gari, ku kai ƙorafin a rubuce, ku riƙe kwafi. Kafin nan a daina sha daga rijiyar in akwai wata. Tafasa ruwa da sa kulor suna kashe ƙwayoyin cuta, amma ba su cire maganin feshi ba, kada a ruɗe ku. Yaran kuma a kai su likita yau, a fara ba su ruwan gishiri da sukari tun a hanya.

Sauranmu kuma akwai abin da ya rage mana. In an zauna zaman kasafin kuɗin komin, wani ya miƙe ya tambaya: layin awon ruwa yana ina, jaka nawa aka sa? Kwamitin fanfo ya nemi mai gudanarwa ya manna sakamakon awo a jikin shato, inda kowa zai gani. Masu gari da limamai su dawo da tsohuwar ƙa'ida, a shata fili kewaye da kowace rijiyar sha, ba masai, ba turke, ba wankin galan ɗin feshi. Masu garka su ware rijiyar ban ruwa da ta sha. Gwamnati kuwa, tun da ta rubuta cewa mai ɓatawa ya biya, ta tanadi asusu, muna roƙon a ga kuɗin ya sauko har Kwaya da Malawa, ya zama kwalba da babur da ma'aikacin da zai riƙa zagayawa.

Kakanninmu sun yi gadin rijiya da ido da hanci. Gwamnatocin da suka biyo baya sun gina ta da siminti, sun rubuta mata doka. Aikin da ya rage wa zamaninmu shi ne a biya mai gadi.

A shirinmu na mako mai zuwa za mu buɗe layi a kan wannan magana. Kafin nan ku rubuto mana a ƙasa: rijiya ko fanfon da kuke sha, yaushe rabon da wani ya zo ya ɗebi ruwansa don awo? Ku faɗi sunan garin kawai, ban da sunan mutane. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata, don su ne ke riƙe da guga.

Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun ji daga gare ku.